Yadda Za Ka Sa Makunni Mai Riƙo Ya Tashi A Kashe Duk Lokacin Da Wuta Ta Dawo

Yau za mu taɓa wata matsala da ke cin tuwo a ƙwaryar duk wanda ya fara haɗa makunnin lantarki da hannunsa, irin wanda ake danna maɓalli sau ɗaya ya kunna, a sake dannawa ya kashe. Shi ne nake kira makunni mai riƙo, domin yana riƙe matsayin da aka bar shi a kai bayan an ɗaga yatsa. Ka gama haɗawa, ka gwada, komai lafiya lau. Sai ka cire batir ka mayar, ko a ɗauke wuta a dawo da ita, sai ka ga abin ya kunna kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Yau ya tashi a kashe, gobe a kunne.

Idan 'yar fitila ce a jikinsa, ba wani abin damuwa ba ne. Amma ka ɗauka hita ce ta dafa ruwa, ko dutsen guga, ko famfon da ke jan ruwa daga rijiya zuwa tanki. An ɗauke wuta da yamma, kowa ya manta, aka dawo da ita ƙarfe biyun dare. Hita ta ƙone ruwan bokiti ta koma kan robar, famfo ya yi ta juyi ba ruwa har ya ƙone. A ƙasashen da wuta ke shekara ba ta ƙyafta ba, mai haɗa na'ura zai iya yin sakaci da wannan ya kwana lafiya. Mu da ake ɗaukewa a dawo da ita sau da yawa a yini, ga kuma juyawa tsakanin janareta da wutar NEPA, na'urarmu tana fuskantar wannan jarrabawa kullum.

Me ya sa yake tashi yadda ya ga dama?

Kusan duk makunni mai riƙo yana da zuciya iri ɗaya: ɓangarori biyu da kowanne ke danne ɗan'uwansa. Idan na hagu ya kunna, sai ya tilasta wa na dama kashewa, kashewar na dama kuma ita ke ƙara tabbatar da na hagu a kunne. Ana kiran wannan haɗi filif-filof. Wasu masana biyu 'yan Ingila, William Eccles da F. W. Jordan, su ne suka nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1918, tun lokacin da ake aiki da kwalaben lantarki kafin zuwan transisto.

To, a daidai lokacin da wuta ta shigo, babu wanda ya danne wani tukuna. Kamar 'yan kokawa biyu ne masu ƙarfi ɗaya da aka sake su a fili: wanda ya riga ya samu kamu, shi zai kai ɗan'uwansa ƙasa ya zauna a kansa. Abin da ke yanke hukunci ƙanana ne ƙwarai. Transisto biyu masu lamba ɗaya, daga leda ɗaya, ba sa taɓa zama daidai wa daida. Resiston da aka rubuta wa 10k zai iya zama 9.6k ko 10.4k. Zafin ɗaki yana sa hannu, saurin da wutar ta hau yana sa hannu, har ragowar cajin da ya kwana a wata kapasita yana sa hannu. Shi ya sa za ka iya gwadawa sau ashirin ya tashi a kashe, ka saki jiki, ranar da aka yi zafi sosai ya juya maka baya.

Masu rubuta manhaja sun san irin wannan. A yaren C, idan ka buɗe ma'ajiyar lamba a cikin wani aiki ba ka ba ta ƙimar farko ba, duk tarkacen da ya rage a wurin shi za ka karanta. Ba ma misali ba ne kawai, asalinsu ɗaya ne: kowane ƙwayar ma'ajiyar SRAM da ke cikin ƙaramar kwamfuta filif-filof ne, kuma idan wuta ta shigo kowanne yana faɗawa ɓangaren da ya ga dama. Maganin a manhaja shi ne ka rubuta sifili tun farko. A lantarki ma haka ne. Kada ka yi fatan da'irar za ta zaɓi kashewa, ka tilasta mata, kuma ka ci gaba da tilasta mata har sai wutar ta gama daidaita.

Kapasita da resisto: agogon da ke riƙe riset

Dabarar ta dogara ne a kan hali ɗaya na kapasita: boltej ɗin da ke tsakanin ƙafafunta biyu ba ya canjawa nan take. Kamar randa ce da ake cikawa ta siririn tiyo, resisto shi ne tiyon. Lokacin da wuta ta shigo randar ba komai a ciki, kuma sai ta ɗauki wani lokaci kafin ta cika. Wannan ɗan lokacin shi za mu ara mu danna wa da'irar riset, wato mu mayar da ita matsayin kashe, kamar wani yatsa da ke dannawa da kansa ya kuma saki da kansa.

Bari mu ɗauki aisin da aka fi amfani da shi a wannan aiki, CD4013. Yana cikin dangin CD4000 da kamfanin RCA ya fitar a 1968, har yau ana ƙera shi, kuma yana aiki da boltej daga 3 zuwa 15 ba matsala. Ƙafafunsa 14 ne, filif-filof biyu ne a ciki. Haɗin da aka saba shi ne: ƙafa 14 zuwa fositif, ƙafa 7 zuwa negatif, a haɗa ƙafa 5 da ƙafa 2, saƙon maɓalli ya shiga ta ƙafa 3, sakamako ya fito ta ƙafa 1. Daga ƙafa 1 sai resisto 10k zuwa gindin transisto BC547, shi kuma ya ja rile, tare da diyod 1N4007 a gicciye a kan nadin rilen. Ƙafa 6 ita ce mai tilasta kunnawa, a kai ta negatif. Ƙafafu 8, 9, 10 da 11 na ɓangare na biyu ne da ba ma amfani da shi, su ma a kai su negatif. Aisi irin na CMOS ba a barin ƙafarsa ta shiga tana lilo a iska, sai ta riƙa kama hayaniya tana jan karant a banza.

Saura ƙafa 4, wadda ita ce riset. Yawancin zanen da ke yawo a intanet suna kai ta negatif kai tsaye, kuma a nan ne matsalar take. Cire wannan waya, ka yi haka:

Kapasita 1µF daga fositif zuwa ƙafa 4. Resisto 100k daga ƙafa 4 zuwa negatif. Diyod 1N4148 a gefen resiston, ɓangaren da ke da zoben baƙi yana kallon ƙafa 4, ɗaya ɓangaren a negatif.

Ga abin da ke faruwa. Wuta ta shigo, kapasita ba caji, don haka tana nan kamar waya: ƙafa 4 ta bi fositif ta hau sama. A CD4013 hawan ƙafa 4 shi ne umarnin riset, don haka ƙafa 1 ta zauna a ƙasa, rile bai motsa ba. Daga nan kapasita ta fara cika ta cikin resisto, boltej ɗin ƙafa 4 yana sauka a hankali, har ya faɗo ƙasa da iyakar da aisin ke ɗauka a matsayin sama. Riset ya saki, makunni ya koma hannun maɓalli, a kashe.

Lissafin lokacin ba wuya. Ka ninka resisto da kapasita: om 100,000 sau 0.000001 na farad ya ba da sakan 0.1, wato milisakan 100. Aisin CMOS yana sauya ra'ayi ne a wajen rabin boltej ɗin da ake ba shi, kuma saukowa zuwa rabi tana cin kusan kashi 69 cikin 100 na wancan lokaci, milisakan 70 ke nan. Amma kada ka riƙe 70 kamar dutse. Ainihin iyakar tana iya faɗawa ko'ina tsakanin kashi 30 da kashi 70 na boltej, don haka riset ɗin zai iya zama gajere kamar milisakan 36 ko dogo kamar 120. Idan kana lissafi, ka yi da gajeren.

Mutane da yawa suna tsallake diyod ɗin saboda da'irar tana aiki ba tare da shi ba a gwajin farko. Aikinsa ba a lokacin shigowar wuta yake ba, a lokacin tafiyarta yake. Idan fositif ya faɗi, kapasitar da ke cike za ta tura ƙafa 4 ƙasa da negatif. Aisin yana da ƙananan diyod na kariya a ciki, amma milli-am 10 ne iyakar abin da aka yarda ya bi ta ƙafar shiga. Diyod na waje yana ɗaukar mafi yawan wannan nauyi, sannan yana buɗe wa kapasita hanyar zubar da cajinta da sauri, ta zama fanko kafin wuta ta sake dawowa. Kapasitar da ba ta zube ba ba za ta iya yin riset na gaba ba. In kana son ƙarin kariya, sa resisto 1k tsakanin mahaɗar nan da ƙafa 4.

Game da irin kapasitar: ka nemi ta tangaran mai lamba 105, ita ce 1µF. Idan 104 kawai ka samu, wato 100nF, sai ka ɗaga resisto zuwa 1M, lokacin ya zama ɗaya. Abin da ba na so shi ne haɗa kapasita mai ruwa, irin mai siffar gwangwani, da resisto babba kamar 1M. Irin waɗannan suna yoyon karant kaɗan-kaɗan, yoyon yana ƙaruwa da zafi da tsufa, kuma duk mikro-am ɗaya da ya bi ta 1M bolt ɗaya ne cur a kan ƙafa 4. A cikin akwatin roba a watan Afrilu, za ka iya wayar gari makunni ya ƙi kunnuwa gaba ɗaya saboda riset ya maƙale. Idan dole sai mai ruwa, ka tsaya a 100k ko ƙasa, ƙafarta mai alamar + tana kallon fositif.

Tarkon da maɓallin kansa ke ɗanawa

Akwai wani abu da ke rikita mutane bayan sun sa riset: da'irar ta tashi a kashe, bayan ƙiftawar ido kuma ta kunna. A nan ba riset ne ya gaza ba, maɓalli ne ya yi dannar ƙarya.

Ƙarfen cikin maɓalli yana tsalle-tsalle na 'yan milisakan idan aka danna shi, aisin kuma yana ƙirga kowane tsalle a matsayin danna ɗaya. Don haka ake sa masa tasa kapasitar da resisto su lafar da tsallen, sannan a bi da saƙon ta ƙofar Schmitt, irin CD40106 ko CD4093, domin ƙafa 3 tana son saƙo mai kaifi ba mai jan ƙafa ba. To wannan kapasitar ta maɓalli ita ma fanko take lokacin da wuta ta shigo. Yayin da take cika, tana iya haifar da hawan boltej a ƙafa 3 wanda aisin ba zai iya bambanta shi da yatsan mutum ba. Idan riset ya riga ya saki kafin wannan ya faru, an kunna ke nan.

Sa'ar da aka yi ita ce, muddin ƙafa 4 tana sama, CD4013 ba ya sauraron ƙafa 3 ko kaɗan. Don haka abin da ake bukata shi ne riset ya fi na maɓalli tsawo nesa ba kusa ba. Idan na maɓalli 100k ne da 100nF, milisakan 10 ke nan, namu na 100 ya ninka shi sau goma, ya wadatar. Idan ka ƙara girman na maɓalli, ka tuna ka ƙara na riset.

Idan ba CD4013 ba ne

Wasu aisin riset ɗinsu a juye yake, sai an kai ƙafar ƙasa suke yin sa. Haka 74HC74 yake, ƙafa 1 ce tasa. A nan sai a musanya wuri: resisto daga fositif zuwa ƙafar, kapasita daga ƙafar zuwa negatif, diyod a gefen resisto da zobensa yana kallon fositif. Kafin ka haɗa komai ka duba takardar bayanin aisin. Idan ka ga layi a saman sunan ƙafar ko ɗan da'ira a bakinta, ta ƙasa ce.

Shi ma 555, wanda Hans Camenzind ya zana kamfanin Signetics ya fitar a 1972, ana yin makunni mai riƙo da shi, kuma riset ɗinsa na ƙasa ne a ƙafa 4. Sai dai yana da wani hali. Ba ya jira sai rabin boltej, da zarar ƙafar ta kai wajen bolt 0.7 ya saki. A kan bolt 12, isa 0.7 yana cin kashi 6 cikin 100 ne kacal na lissafin resisto sau kapasita, ga shi kuma ƙafar NE555 da kanta tana turo ɗan karant da ke ƙara cika kapasitar da wuri. Saboda haka 100nF a nan wasa ne. Fara da 10k da 47µF, ka gwada.

Idan transisto biyu ka gicciya da hannu, babu ƙafar riset, sai dai ka shiga kokawar ka riƙe ƙafar ɗaya. Nemo transiston da ke jan kayan aikinka, wanda kake so ya tashi a kashe, ka sa kapasita 100nF zuwa 1µF daga gindinsa zuwa negatif. Zai makara wajen tashi, ɗan'uwansa ya riga shi, ya danne shi.

Na'urori masu batir kuma sun fi amfani da MOSFET irin na P a kan layin fositif, da ƙaramin transisto da ke jan ƙofarsa ƙasa don ya riƙe shi a kunne. Irin wannan yana kunna kansa idan aka jona batir farat ɗaya, domin ƙafar shigar wuta ta yi tsalle sama ƙofar ba ta bi ta da sauri ba, kuma wannan tazarar ita ce umarnin kunnawa a wurinsa. Magani shi ne kapasita 10nF zuwa 100nF tsakanin ƙofar da ƙafar shigar wutar, a gefen resiston da ke wurin, don su hau tare. Lura da kyau: tsakanin ƙofa da fositif, ba tsakanin ƙofa da negatif ba. Wanda ya kai ta negatif ya haɗa da'irar da za ta tashi a kunne kowane lokaci.

Inda wannan dabara ke gazawa

Yawancin darussa a nan suke tsayawa, amma a irin wutarmu a nan ne labarin ya fara. Kapasita da resisto ba sa auna boltej, lokaci kawai suke ƙirgawa, kuma sun ɗauka wuta za ta shigo ne da tsalle ɗaya daga sifili. Akwai yanayi biyu da wannan zato ke rushewa.

Na farko, wutar da ke hawa a hankali, kamar idan janareta yana ɗaukar gudu, ko wuta ta zo ba ƙarfi, ko ƙaramar taransifoma tana fama da cika babbar kapasitar tace wuta. Ka ɗauka layin ya ɗauki sakan ɗaya kafin ya kai bolt 12. Kapasitarmu tana cika tun ana hanya, don haka ƙafa 4 ba za ta taɓa wuce bolt 1.2 ba. A lokacin da layin ya kai bolt 3, inda aisin ya farka sosai, ƙafa 4 tana wajen 1.1 ne, ƙasa da rabin 3. Aisin bai ga riset ba sam. Ƙara girman kapasita yana taimakawa, 10µF a maimakon 1µF, amma kana sayen wannan ne da jinkiri, kuma kana ƙara tsananta matsala ta biyu.

Ta biyun ita ce ƙyaftawa: wuta ta tafi ta dawo cikin rabin sakan, ko ana juya layi daga janareta. Babbar kapasitar tace wuta, 1000µF ko 2200µF, ba ta gama zubewa ba. Layin ya sauka zuwa wajen bolt 2, inda aisin zai iya rikicewa ya manta matsayinsa, sai ya sake hawa. Ko riset ya samu ko bai samu ba ya danganta ne ga nisan faɗuwar da saurin dawowar, wato mun koma caca. Resisto 1k a gicciye a kan babbar kapasitar yana taimaka mata ta zube. A bolt 12 milli-am 12 yake ci, zafinsa bai kai wat 0.15 ba. Amma da 2200µF lissafin sakan 2.2 ne, ya yi wa ƙyaftawa tsawo.

Maganin gaske shi ne aisi mai gadin boltej. Ƙafafu uku gare shi: fositif, negatif, da riset. Aikinsa ɗaya ne, yana auna layin, duk lokacin da ya sauka ƙasa da wata iyaka sai ya danna riset, ba ya saki har sai layin ya dawo ya kuma zauna na wani lokaci. Ba ruwansa da ko wutar ta hau da gudu ko da rarrafe. MAX809 yana ba da riset na ƙasa, MAX810 na sama, kuma dukansu suna riƙewa aƙalla milisakan 140 bayan boltej ya daidaita. Harafin ƙarshen lambar shi ke nuna iyakar: L bolt 4.63 ne, T kuma 3.08. An yi su ne don layin bolt 5 ko ƙasa, don haka sai ka sauke wutar CD4013 zuwa 5 da 7805, ka haɗa fitar MAX810L kai tsaye da ƙafa 4, ka cire kapasita da resisto da diyod ɗin gaba ɗaya. Matsalarsu ƙanƙanta, kamar ƙwayar shinkafa suke, riƙe su da dalma sai mai haƙuri. MCP100 da MCP101 na kamfanin Microchip suna yin aiki iri ɗaya, kuma ana samun su da dogayen ƙafafu kamar ƙaramin transisto, masu shiga allon gwaji.

A ganina, idan abin wasa ne ko fitilar tebur mai batir, kapasita da resisto sun isa. Idan abu ne mai zafi ko mai juyi, kuma daga bango yake shan wuta, kuɗin mai gadin boltej bai kai kuɗin bokiti ɗaya da ya narke ba.

Hanyar masu injin niƙa

Akwai kuma tsohuwar hanya da ba ta bukatar aisi ko ɗaya, kuma ga manyan kaya ita na fi yarda da ita. Duba akwatin tayar da babbar mota ta lantarki a wurin niƙa ko yankan katako: maɓalli kore, maɓalli ja. Koren yana ba nadin kontakta wuta, ƙafafun A1 da A2. Da kontakta ta kama, wani ƙaramin bakinta, wanda aka saba sa wa lamba 13 da 14, sai ya rufe ya gewaye koren, nadin ya ci gaba da samun wuta ta bakin kansa. Jan kuma a rufe yake kullum, danna shi ne ke yanke layin. Idan aka ɗauke wuta, maganaɗisu ya mutu, sifirin ya ja kontakta ta buɗe, bakin riƙon ma ya buɗe. Ko wuta ta dawo ba abin da zai motsa sai mutum ya zo ya danna kore. Za ka iya yin irinsa da ƙaramin rile na bolt 12 mai baki biyu, ɗaya na riƙo ɗaya na kaya. Abin da ka rasa kawai shi ne maɓalli ɗaya mai aiki biyu.

Sai dai ka kula a wurin saye. Akwai rilen da riƙonsa na ƙarfe ne ko na maganaɗisu mai dawwama, wanda ke zama inda aka bar shi ko ba wuta. An yi shi ne musamman don ya tuna, kishiyar abin da muke nema ke nan.

Ga masu Arduino da makamantansa

Kada ka ce tunda manhaja ce ke riƙe matsayin ka tsira. Gaskiya ATmega328P da ke kan Arduino Uno yana da nasa riset na shigowar wuta da mai gadin boltej a ciki, wanda ake iya saitawa a 1.8 ko 2.7 ko 4.3. Amma daga shigowar wuta zuwa lokacin da layin farko na manhajarka zai gudana, ƙafafunsa a sake suke, ba sama ba ƙasa. MOSFET ɗin da ƙofarsa ke rataye a irin wannan ƙafa zai iya kunnuwa da kansa. Sa resisto 10k zuwa 100k daga ƙofar zuwa negatif, shi zai riƙe ta kafin manhaja ta karɓi aiki.

Yawancin allunan rile da ake sayarwa a haɗe kuma da saƙon ƙasa suke kamawa. Idan ka rubuta pinMode(7, OUTPUT) da farko, ƙafar za ta fara ne a ƙasa, rile ya yi ƙyas kafin layi na gaba ya kashe shi. A Uno da Nano ka juya tsarin: digitalWrite(7, HIGH) tukuna, sannan pinMode. Ka kuma guji ƙafa 13, domin tana ƙyaftawa duk lokacin da allon ya yi riset ta maɓalli ko ta USB. A ESP8266, GPIO0 da GPIO2 da GPIO15 suna da aikin zaɓen yanayin tashi, wasu ƙafafun kuma suna motsi lokacin tashin. GPIO4 da GPIO5 su ne masu natsuwa. Wanda ke amfani da makunnin wayfai mai manhajar Tasmota ya sani cewa a saitin asali yana komawa ne matsayin da yake kafin a ɗauke wuta. Umarnin PowerOnState 0 shi ke sa ya tashi a kashe.

Gwaji

Duk wannan gwajin da fitilar LED da ƙaramin boltej za a yi shi, ba da wutar bango ba. Bolt 230 ba abin koyo a allon gwaji ba ne, kuma haɗa ɓangaren nan na ƙarshe aikin mai gyaran wuta ne da ya san kansa.

Kunna makunnin, cire wuta, jira sakan goma, mayar. Yi haka sau hamsin, ba sau biyar ba, domin matsalar da ke zuwa sau ɗaya cikin ashirin ba lallai ne ta nuna kanta a gwaji biyar ba. Sannan ka koma na gaggawa: cire ka mayar nan take, ka goga wayar a jikin ƙafar batir ta yi ƙyas-ƙyas kamar soket mai sako-sako. Idan kana da ma'ajin wuta mai juya boltej, ka hau da shi daga sifili a hankali cikin sakan uku zuwa biyar, sannan daga cikakke ka sauko zuwa bolt 2 ka koma. Ka gwada kana danne da maɓalli lokacin da wutar ke shigowa. Ka bar allon a rana ya yi zafi ka maimaita. Daga ƙarshe ka gwada da ainihin rilen da ainihin kayan a jone, saboda tartsatsin bakin rile da fizgar mota suna iya jefa hayaniya a layin da LED ba za ta taɓa jefawa ba. Idan a nan ne kawai yake rikicewa, sa kapasita 104 tsakanin ƙafa 14 da ƙafa 7, a manne da jikin aisin, ka kuma raba wayoyin maɓalli da na kaya kada su bi hanya ɗaya.